Alƙaluman Babban Banki ko takardar tambayoyi: wanne zai ɗauki kundin digiri na biyu?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: kana digiri na biyu a fannin tattalin arziƙi, an amince maka da take kan tasirin hauhawar farashi ga ƙananan 'yan kasuwa a Kano, saura wata takwas ka miƙa kundi. Abokanka sun rabu biyu. Wasu na cewa ka sauke alƙaluman Babban Banki da na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ka gama a ɗaki, wasu na cewa ka buga takardar tambayoyi ka shiga kasuwa. Kana son a jera maka su biyun ka zaɓa.

Kafin a jera su, akwai maganar da ya kamata ka ji tun yanzu, domin ita ce za a tare ka da ita ranar kare kundi: takenka yadda yake a rubuce, babu ɗaya daga hanyoyin biyu da zai iya amsa shi. Alƙaluman ƙasa suna da shekaru masu yawa, hauhawar farashi na hawa da sauka a cikinsu, amma babu ɗan kasuwar Kano ko ɗaya a ciki. Takardar tambayoyi kuwa za ta kai ka gaban ɗan kasuwar, amma duk mutum ɗari huɗun da za ka tambaya a wata ɗaya, tsada iri ɗaya suke sha. Abin da bai bambanta tsakanin mutane ba, lissafi ba zai iya nuna tasirinsa ba. Saboda haka kowace hanya ka bi, sai ka gyara tambayar ta dace da ita.

Mu fara da alƙaluman da aka riga aka tara. Abin da ke jan ɗalibai gare su a fili yake: kyauta ne, kuma cikin yini ɗaya za ka sauke su. Mujallar ƙididdiga ta shekara-shekara ta Babban Banki, yawancin jerin da ke cikinta daga 1981 suke farawa. Daga 1981 zuwa 2023 layi 43 ke nan, kowace shekara layi ɗaya, kuma wannan ƙarancin shi ne matsala ta farko. A ce ka ɗauki tsarin ARDL, wato lissafin da ke bayyana abu da alƙalumansa na baya da na wasu ma'aunai, wanda kusan kowa ke ɗauka yanzu, ka sa ma'aunai biyar masu bayani, ka bar kowanne ya waiwaya baya shekara biyu. Layi biyu sun tafi, saura 41, abubuwan da kwamfuta za ta ƙiyasta kuma 18 ne. Abin da ya rage na gwada gaskiyar sakamakon 23 ne kacal. Da irin wannan, cire shekara ɗaya ko ƙara ma'auni ɗaya kan juya alama daga ƙari zuwa ragi. In dole sai da alƙaluman shekara-shekara, kada ma'aunan su wuce uku ko huɗu, kuma ka yi hukunci kan ko akwai alaƙa mai ɗorewa tsakanin ma'aunan da jadawalin Narayan na 2005 da aka tsara don layi 30 zuwa 80, domin na Pesaran da abokansa na 2001 don dogon jeri aka yi shi. Hauhawar farashi da canjin kuɗi ana samunsu wata-wata: daga 2010 zuwa 2024 layi 180 ne, ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma kada ka sa manhajar lissafi ta EViews ta yayyanka maka alƙaluman shekara zuwa na wata uku-uku don su yi yawa. Layuka ne suka ƙaru, labarin da ke cikinsu bai ƙaru ba.

Matsala ta biyu ta fi ta farko haɗari, kuma ita ce aka fi tsallakewa: jerin alƙaluman Najeriya ba zare ɗaya ba ne, an sha tsinke shi ana ƙullawa. A watan Afrilun 2014 an sauya shekarar da ake auna GDP, wato jimillar abin da ƙasa ke samarwa, da ita daga 1990 zuwa 2010, adadin 2013 ya yi tsalle da kusan kashi 89 cikin ɗari ba tare da an gina masana'anta ko ɗaya a daren ba. A 2025 an sake mayar da ita 2019. Ma'aunin farashi ma haka: hauhawar farashi ta kasance kashi 34.80 a Disambar 2024, sai ga ta 24.48 a Janairun 2025, saboda an sauya shekarar tushe daga 2009 zuwa 2024 an kuma sake kwandon kayan da ake aunawa. Farashin shinkafa bai sauka a kasuwar Singa da wannan adadin ba. Rashin aikin yi ya tashi daga kashi 33.3 a ƙarshen 2020 ya koma 4.1 a farkon 2023, domin sabon ma'auni ya ɗauki wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki. Duk wanda ya jera tsoho da sabo a shafi ɗaya ya danna lissafi, sauyin ma'auni ya auna, ba tattalin arziƙi ba.

Ga kuma tsinkewar da manufofin gwamnati suka jawo: shirin sake fasalin tattalin arziƙi na SAP a 1986, haɗe bankuna daga 89 zuwa 25 a 2005, cire tallafin mai da sakin naira a Mayu da Yunin 2023. Kowanne yana buƙatar a yi masa gwajin tsinkewa, irin na Zivot da Andrews, a kuma sa masa alama a cikin lissafi, sifili kafin sauyin, ɗaya bayansa. Canjin dala kuma wanne za ka ɗauka? A farkon 2017 farashin gwamnati yana wajen naira 305, a kasuwar bayan fage kuwa ya haura 500. Ɗan Kantin Kwari mai sayo yadi daga Sin a Wapa yake canji, ba a tagar Babban Banki ba. In ka sa farashin gwamnati, ka auna dalar da mutanenka ba su taɓa riƙewa ba.

Sai babban tarkon da ya shafi takenka kai tsaye. Babu jerin shekara-shekara na ribar ƙananan 'yan kasuwa. Binciken da SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, da Hukumar Ƙididdiga ke yi lokaci-lokaci ne, kamar na 2013 da 2017 da 2020, bai isa a ja layi ba. Shi ya sa ɗalibai ke ɗaukar bashin da bankuna suka ba ƙananan masana'antu su kira shi ci gaban sana'a. Bashi ba riba ba ne. Kuma wannan jerin kansa ya rushe bayan Oktoban 1996, lokacin da aka soke dokar da ta tilasta wa bankuna ware kashi 20 na bashinsu ga ƙananan masana'antu. Mai jarrabawa na waje da ya san aikinsa, a nan zai tsaya.

In ka bi wannan hanya, matakan su ne: ka mayar da kuɗi zuwa ainihin darajarsu bayan cire hauhawa, ka zana kowane jeri ka kalle shi da ido kafin komai, ka yi gwajin ADF da na Phillips-Perron don sanin ko jerin yana komawa kan matsakaicinsa ko yana ta tafiya ba linzami. ARDL na karɓar wanda ya daidaita da kansa da wanda ya daidaita bayan an ɗebe na bara daga na bana sau ɗaya. Wanda sai an ɗebe sau biyu ba ya shiga. Tun 1974 Granger da Newbold suka nuna cewa jeri biyu da ba su da haɗi ko kaɗan za su iya ba da alaƙa mai ƙarfi don kawai dukansu suna hawa. In ka ga R², mai nuna yawan abin da lissafin ya bayyana, ya kai 0.98 kuma Durbin-Watson, mai nuna ko kuskuren bana na bin na bara, na ƙasa da ɗaya, kada ka yi murna, ka koma baya. Takenka kuma sai ya koma na ƙasa baki ɗaya, a cire Kano.

Takardar tambayoyi wahalarta a ƙafa take da aljihu, kuma a farkon aiki take zuwa. Abu na farko shi ne su wa za ka tambaya. Don sanin mutum nawa za a tambaya, ɗalibai kan ruga wurin lissafin Yamane ko jadawalin Krejcie da Morgan mai ba da mutum 384, alhali waɗannan sun ɗauka cewa ƙuri'a aka yi aka zaɓo mutanen. In ka tsaya a bakin ƙofar kasuwa kana tare duk wanda ya sakar maka fuska, ko mutum dubu ka tambaya ba su wakilci kasuwar ba. Abin yi shi ne ka taƙaita: kasuwa biyu ko uku, misali Singa ta kayan masarufi, Kwari ta yadi, Dawanau ta hatsi. Ka je wurin shugabannin ƙungiyar kasuwa da takardar gabatarwa daga sashenku, ka nemi adadin layuka da shaguna, sannan ka riƙa ɗaukar kowane shago na biyar ko na goma a kowane layi. A ce shaguna 5,000 ne, lissafin Yamane a kan kuskuren kashi biyar zai ba ka 370. Ka ƙara kamar 40 saboda waɗanda za su ƙi da takardun da za su lalace. Ka rubuta adadin waɗanda suka ƙi, ana tambaya.

Kada ka raba takarda ka ce za ka dawo gobe. Ɗan kasuwa ba ya da wannan lokacin, wasu kuma ajami ya fi musu sauƙi a kan boko, ƙarshenta yaron shago ne zai cike. Hira ake yi baki da baki, ana shigarwa a waya da KoboToolbox, wanda kyauta ne, yana aiki ba intanet, yana kuma riƙe lokaci da wurin da aka yi kowace hira, abin da ke hana mai taya ka aiki zama a inuwa ya cike goma da kansa. Hirar kada ta wuce minti ashirin, a yi ta lokacin da ciniki ya lafa. Mutum huɗu, kowa na yin takwas zuwa goma a yini, mako biyu ya isa. In za ka haɗa da mata masu sana'a a cikin gida, mace ce za ta shiga.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fassara tambayoyin zuwa Hausa, ka ba wani da bai ga na Turancin ba ya mayar da su, ka kwatanta. Sannan ka gwada su a kan mutum 30 da ba sa cikin waɗanda ka zaɓa. A nan za ka gane cewa "ciniki" da "riba" da "jari" suna cakuɗewa a bakin mutane, kuma kalmar "samu" kowa da abin da ya fahimta. Tambayar riba ita ce mafi wuya, domin mai shago na zaton daga hukumar haraji ka fito. Binciken De Mel da McKenzie da Woodruff a Siri Lanka, wanda aka buga a 2009, ya gano cewa tambayar riba kai tsaye ta fi kusa da gaskiya a kan a tambayi kuɗin shiga da na fita dalla-dalla a ɗebe, kuma masu sana'a kan rage cinikin da suke faɗa da kusan kashi 30. Don haka ka tambayi ribar watan da ya wuce, ba ta shekara ba, ka ba da rukuni-rukuni ga wanda ba ya son faɗin adadi, ka ajiye tambayar can kusa da ƙarshe.

Ka guji cika takardar da "na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba". In ka tambayi Bakano ko tsada ta taɓa kasuwancinsa, kowa zai ce ƙwarai kuwa, ga gaskiya ga kuma kara. Ma'aunin Cronbach mai auna jituwar amsoshi zai haura 0.7, manhajar SmartPLS za ta zana kibiyoyi masu kyau, amma ra'ayi ka auna da ra'ayi. Ka tambayi abin da ake ƙirgawa: buhu nawa yake sarowa a mako bara, nawa bana, kwana nawa dila ke ba shi kafin ya biya, yara nawa ne a shagon, sau nawa ya sauya farashi a watan nan, yana ba da bashi har yanzu ko ya daina, yana rubuta lissafi a littafi ko a ka yake riƙewa. A nan ne bambanci yake, kuma a nan tambayarka ta gaskiya take: cikin tsada ɗaya, me ya sa jarin wasu ya zaizaye na wasu ya tsaya?

Akwai hanya ta uku da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba. Binciken gidaje na GHS-Panel da Hukumar Ƙididdiga ke yi da Bankin Duniya ya bi kimanin gidaje 5,000 a zagaye biyar, daga 2010/11 zuwa 2023/24, yana kuma da sashe kan sana'o'in da ba na noma ba. Ana sauke shi kyauta bayan rajista. Yana da mutane, yana da shekaru. Sai dai wakilcinsa na ƙasa ne da shiyya, don haka Arewa maso Yamma za ka rubuta ba Kano ba. An sabunta yawancin gidajen a 2018/19. Kuma sai ka iya haɗa fayiloli da amfani da nauyin samfur, wato adadin gidajen da kowane gida ke wakilta, a manhajar Stata ko R, abin da zai ci maka wata guda na koyo.

A ganinmu, tunda Kano ce a zuciyarka kuma kana da wata takwas, ka shiga kasuwa. Hanyar alƙaluman ƙasa ta dace da mai tambaya kan canjin kuɗi da farashi, ko kuɗin ruwa da zuba jari, wanda kuma hannunsa ya faɗa a lissafi. Kai kuwa za ta tilasta maka auna abin da ba shi kake nema ba. Ka raba lokacin haka: wata biyu na babi na ɗaya zuwa na uku da tsara tambayoyi, wata ɗaya na fassara da gwaji da neman izinin kasuwa, wata ɗaya na hira, wata ɗaya na tsabtace bayanai da lissafi, biyu na rubutu, ɗaya ka bar wa gyaran malaminka. Kada hirar ta faɗa cikin azumi ko makon sallah, domin cinikin lokacin ba irin na kullum ba ne. A makon nan ka kai wa malamin da ke duba aikinka shafi ɗaya mai ɗauke da sabon take, kasuwannin da ka zaɓa, da tambayoyi goma da za a amsa da adadi, ka nemi ya sa hannu kafin ka buga komai.