Ciwon gwiwa da baya: me ya cancanci riyal ɗinka?

Inna ta shekara shida tana sallah a kan kujera. A gidanmu da ke Shari'u Mansur, nan Makka, akwai leda guda maƙil da abin da muka saya mata: man shafawa, ƙwayoyi, ɗamarar baya, na'urar tausa. Yau da zan sake, rabinsu ba zan taɓa ba.

Ga gwiwa, a fara da man diclofenac, irin su Voltaren, domin kaɗan ne ke shiga jini. Ƙwayar ibuprofen kan kwantar da zogi, amma a zafin garin nan, ga tsohuwa mai hawan jini ko suga wadda ba ta shan ruwa sosai, ƙoda da ciki ne ke ɗanɗana kuɗarsu. Kada a mai da ita ta kullum ba da sanin likita ba.

Glucosamine, ƙwayar da ake sayarwa don gaɓoɓi, ga tsada, ga shi a 2022 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta ce kada a riƙa ba masu sanyin ƙashi. Ɗamarar baya da su tramadol kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a guje su a 2023 ga ciwon baya mai daɗewa. Allurar gwiwa sauƙin 'yan makonni ne. Ƙaho, in za a yi, a je wurin mai lasisi. Wasu na jin daɗinsa, amma ba ya dawo da guringuntsin da ya zaizaye.

Inda na ga amfanin kuɗina shi ne gashin ƙashi, wato motsa gaɓoɓi a hannun likita. Ranar farko Inna ta harare ni: "Ɗan nan, ƙafar da ke ciwo za a ce in yi ta motsawa?" Likitar ta koya mata tashi daga kujera sau goma ba dafawa, da miƙe ƙafa a zaune tana ƙirge. Naman cinya in ya yi ƙarfi, shi ke ɗauke wa gwiwa kaya, kuma kowane kilo da aka rage na sauke mata kusan kilo huɗu a duk taku. Kafin ka biya, tambaya: za su koya mata abin yi a gida, ko na'urar ɗumi kawai za su ɗora mata? In na biyun ne, nemi wani wuri.

Gaɓar da ta kumbura da zazzaɓi, ko ƙafar da ta mutu, ko fitsarin da ya ƙi riƙuwa, wannan sai asibiti a ranar.

A umrar Rajab, Inna ta yi zagaye huɗu na ɗawafi da ƙafarta kafin ta nemi keke.