Curtain ko Elephants Can Remember? Ka ɗauki Curtain kawai

Malam tsakanin littattafan Poirot (mai binciken kisa a labaran marubuciya Agatha Christie) biyun nan da kake tambayar wanne zaka saya, wallahi Curtain zaka ɗauka, kar ka tsaya dogon lissafi. Duka biyun na saya da kuɗina, ɗaya har yau yana gefen gadona bangonsa duk ya lanƙwashe saboda yawan ɗauka, ɗayan kuwa aronsa aka karɓa ban ma bi sawu ba.

Duk da cewa Curtain ne ya fito a ƙarshe a 1975, ba shi Agatha Christie ta rubuta a ƙarshe ba. Tun lokacin yaƙin duniya na biyu ta rubuta shi tana da ƙarfinta, aka kulle shi sama da shekara 30, kuma kana karantawa zaka ji hannun nan nata na da. Ta maida Poirot gidan Styles inda aka fara saninsa a littafin 1920 mai suna The Mysterious Affair at Styles, gidan ya koma masaukin baƙi, shi kansa tsufa ya cinye shi yana kan keken guragu, ga abokinsa Hastings ya dawo matarsa ta rasu, sai Poirot ya ce masa akwai mai kisa a cikin baƙin nan amma ya ƙi faɗin sunansa. Ni dai daren da na kai wasiƙar nan ta ƙarshe da ya bar wa Hastings ban yi barci ba, sau biyu na karanta ta sannan na koma baya ina duba wuraren da aka wuce da ni ban lura ba.

Gaskiya ba kowa ya ji daɗinsa ba, akwai masu cewa ta ci amanar Poirot, wai abin da ya aikata a ƙarshe bai dace da mutumin da suka sani ba, wasu kuma duhun labarin ne ya musu yawa. Na fahimce su dan nima sai da zuciyata tayi nauyi, amma a ganina babu wata hanya da ta rage masa. Ka tuna fa har New York Times sai da ta buga labarin rasuwar Poirot a shafin farko.

Elephants kuwa na 1972 ne, Christie ta haura 80 lokacin, Mrs Oliver, marubuciya abokiyar Poirot, ce ke ta bin tsofaffi gida gida kowa na maimaita zance ɗaya, kafin rabi na gano komai. Masu son Mrs Oliver suna yabonsa, shike nan.

Sai kayi hattara da masu sayarwa. Wasu gajeren bugu na masu koyon Turanci suke miƙa maka a matsayin cikakke, wasu kwafi ne na fotokofi shafuka sun zube, to ka buɗe ƙarshen ka tabbatar wasiƙar tana nan dan in babu ita ka yi asarar kuɗinka. Akwai kuma sababbin Poirot da Sophie Hannah ta fara a 2014, sunan Christie ɓaro ɓaro a bango, da izini aka yi su amma ba rubutunta bane, kar wani ya ce maka cigaban Curtain ne. In baka karanta na Styles ɗin farko ba ka haɗa da shi, shi zaka fara.