Damagaram zuwa Yamai: kar, motar gida da jirgi, duk na gwada su

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tun da muka dawo daga Yamai da Hajiyarmu mutane ke ta tambayata, wasu a salula wasu a majalisa bayan isha'i, wai da gaske jirgi muka shiga, kuma ya cancanci kuɗin ko dai ɓarna ce kawai. To gara in faɗi abin da na gani sau ɗaya kowa ya ji, don hanyar nan na bi ta a kar, wato babbar motar fasinja, ba adadi, na bi ta da motar gida sau biyu, yanzu kuma na bi ta sama. Ba zan kama sunan kamfani ko ɗaya ba, na kar ko na jirgi, saboda akwai inda zan yaba akwai kuma inda raina ya ɓaci, kuma ban son a ce na ɓata wa wani kasuwa.

Duk wanda ya san hanyar ya san ba wasa ba ce, kusan kilomita 900 ne daga nan zuwa Yamai a kan babbar hanya mai lamba 1. Ka bar Damagaram ka wuce Tirmini, Takeita, Tasawa, Gazawa, Agye, Cadawa, ka shiga Maraɗi, kana ganin ka yi tafiya alhali ko sulusi ba ka ci ba, sannan Gidan Runji, Madawa, Galmi, Malbaza, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, Birnin Gaure, Kure, kafin ka hango fitilun Yamai. Wannan jerin garuruwan na haddace shi kamar karatun allo tun ina ɗalibi.

Bari in fara da kar tunda ita ce ta talaka, kuma wallahi ina girmama ta. Kamfanin da na saba shiga suna da abin yabo, kar ɗinsu mai klim ce, wato na'urar sanyaya iska, kujera da lamba, ba a ɗora maka mutum a cinya ko a cusa benci a tsakiya kamar yadda ake yi a ƙananan motocin tasha. Kana yanke biye, wato tikiti, tun jajibiri, ka kai bagaj da yamma a rubuta masa lamba, da asuba ka zo ka tarar an riga an loda. Kuma suna tashi kan lokaci, wannan kam ba ƙarya, in ka makara sai dai ka hau kabu-kabu ka bi su zuwa bakin gari. Direbobin da na ci karo da su yawancinsu dattawa ne masu natsuwa, suna tsayawa salla, ba sai fasinja sun yi ta ihu ba. Kuɗin kuma daidai aljihun mai ƙaramin ƙarfi, ɗalibi da ƴar kasuwa da malamin lakwal duk suna iyawa.

Amma fa yini guda cur ne. Ka fito gida duhu bai yaye ba, ka shiga Yamai duhu ya sake shiga, in an yi sa'a ba faci ba lalacewa. Ga shingayen jandarma da ƴan sanda, wasu wuraren kowa sai ya sauka ya nuna katin ɗan ƙasa ya taka da ƙafa ya ƙetare shingen sannan a sake hawa, ni ban ga laifin wannan ba saboda halin tsaro da ƙasa ke ciki, sai dai yana cin lokaci kuma yana cin jikin tsoho. Ni da ƙarfina wannan duk ba komai ba ne, in aka tsaya Ƙonni in ci tsire in sha shayi, in sayi albasa a Galmi in ta dawowa ce, in yi barcina.

Abin da ya canja mini tunani bara ne, da likita ya tura Hajiya Yamai saboda ciwon suga da ya fara taɓa mata ido. Muka shiga kar ni da ita, na samo mata kujera kusa da gaba. Tun daga Tasawa nake miƙa mata ruwa tana cewa “bari dai ɗan nan, ban jin ƙishi”, har muka wuce Maraɗi ba ta kurɓa ba, sai a Madawa wata baiwar Allah da ke bayanmu ta raɗa mini cewa Malam ba ƙishi ne ba ta ji ba, tsoron fitsari take, don ta ga yadda bayin wurin tsayawar yake. Na je na leƙa da kaina. Ƙofa ba sakata, buta ɗaya ga mata sun fi ashirin a layi, direba kuma yana ta danna oda. Mai ciwon suga ta yini ba ruwa saboda kunya! Da muka isa Yamai ƙafafunta sun kumbura har takalmin ya ƙi fita, sai da ƙanwata ta jiƙa tsumma da ruwan ɗumi tana gasa mata, kuma washegari da za mu ga likita da kyar ta iya miƙewa. Wannan shi ne babban ƙorafina ga kamfanin nan, kun iya sayen manyan motoci masu klim da talabijin, to dan Allah ku gyara bayi a wuraren da kuke tsayawa, ku ware na mata, ku sa ruwa, ku ƙara ko minti goma saboda tsofaffi. Ba wani kuɗi mai yawa zai ci muku ba.

Motar gida kuwa, mutane na ɗauka ita ce hutu, ni dai ban same ta haka ba. Sau biyu muka yi da motar yayana. Daɗinta ɗaya ne, kai ke da ikon tsayuwarka, inda ka ga masallaci mai tsabta ka tsaya, ka biya Maraɗi ka gaida dangi, ka ɗauki buhun gero da jarkar mai ba mai auna maka, kuma in kun isa Yamai kuna da abin zirga-zirga ba sai kun yi ta ciniki da ƴan taksi ba. Amma ka yi lissafi. Motar tana shan wajen lita 10 a kilomita 100, ke nan lita 90 zuwa kawai, a farashin sefa 499 da aka mayar da litar esansi a 2024 ya kama kusan jika 45, wato sefa dubu 45, zuwa da dawowa jika 90, ba a sa kuɗin peyaj, wato harajin hanya, ba, ba a sa juyen mai da duba taya kafin tashi ba, ba a sa abin da zai iya tasowa a hanya ba. Mu da matatar mai ta SORAZ ke bayan gidanmu tun 2011 ma haka muke sayensa, kuma kowa ya tuna layin da aka sha a gidajen mai a watan Maris na 2025, in irin haka ta same ka a tsakiyar hanya sai dai ƴan bumburutu. In ku huɗu ne ko biyar kuna raba kuɗin, to da sauƙi. In kai kaɗai ne ko ku biyu, kar ta fi arha nesa ba kusa ba.

Sannan ga gajiyar tuƙi, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro. Manyan kamiyo da tankokin mai ba sa raga wa ƙaramar mota, amalanke na fitowa daga gona ba sanarwa, awaki da jakuna a bakin kowane ƙauye, ranar kasuwa kuwa gudiron kansa ya zama kasuwa. A tafiyarmu ta biyu mun makara tashi, magariba ta same mu bayan Dogon Dutsi, na ga idon yayana yana lumshewa a kan sitiyari, na ce “Yaya don girman Allah mu kwana Doso”, ya ce a'a daga Doso saura kilomita 140 ne kawai, na dage har ya yarda, kuma har gobe ina gode wa Allah da ya yarda. Duk wanda zai yi ta da motarsa ya tashi da asuba, ya tafi da mai canjinsa a tuƙi, kar ya yarda dare ya same shi a hanya.

To da randebu na biyu da likita ya matso muka zauna da ƴan uwa muka ce Hajiya ba za ta sake yin wannan wahalar ba, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, har ƙaninmu da ke Agadas ya aiko da nasa. Gaskiya kuɗin jirgin da nauyi, biye ɗaya na zuwa kawai zai kai mutum Yamai a kar ya dawo da shi ya sake kai shi ya sake dawowa har da canji. Sai da na tsaya na yi shiru a gaban mai yankan biyen kafin in ƙirga masa.

Kuma ba kullum jirgin ke zuwa ba, yana da ranakunsa a mako, don haka kai za ka daidaita tafiyarka da shi. Nan ne ma aka ɓata mini rai. Lokacin sanyi ne, hazo ya rufe gari har duwatsun unguwar Birni ba a hangowa, mun shirya tun safe, Hajiya ta yi sallama da maƙwabta, muka je filin jirgi muka zauna ya fi awa uku ba wanda ya ce mana uffan, sai can wani ya fito ya ce jirgi ba zai iya sauka ba sai gobe. Ban ga laifinsu kan hazo ba, ikon Allah ne, kuma na fi son a fasa da a yi kasada da rayukan mutane. Laifinsu shi ne lambata tana hannunsu, sun rubuta ta ranar da na biya kuɗi, me zai hana a kira ni ko a turo saƙo tun kafin in fito da tsohuwa cikin wannan sanyi da ƙura? Allah ya sa na bar kwana biyu tsakanin tafiyar da ganin likita, ba don haka ba da kuɗi sun tafi randebu ya wuce. Wannan ku riƙe shi da kyau, daga Disamba zuwa Fabrairu kar wanda ya yanki biyen jirgi na ranar da yake da uzuri, ya bar tazara.

Sai maganar kaya. Hajiya ta haɗa tsaraba kamar yadda ta saba, garin kunu, kilishi, daddawa, kuka, ƙullin tabarma na jikoki, aka ɗora a sikeli aka ce ya wuce kilo sai an biya ƙari, kuma ƙarin ya fi kuɗin kayan kansu. Dole na kira yaro ya zo ya kwashe, muka kai tashar kar aka aika a matsayin saƙo, ya iso Yamai lafiya lau washegari da dare. Tun daga ranar na gane dabarar, kaya su bi ƙasa tun kwana ɗaya kafin tafiya, mutum ya riƙe ƴar jakarsa da takardun likita da magani.

Amma da muka shiga jirgin, wallahi na mance da ɓacin ran. Ƙaramin jirgi ne mai farfela, yana da ƙara, ba irin na Makka ba. Wata ma'aikaciya ta riƙo hannun Hajiya tun daga ƙasan matakala tana cewa “sannu Mama, a hankali, ba sauri muke ba”, ta zaunar da ita ta ɗaura mata bel da kanta, ta nuna mata inda bayi yake tun ba ta tambaya ba. Da zai tashi Hajiya ta damƙe hannuna da hannu ɗaya, ɗayan yana jan tasbaha, ina jin bakinta yana motsi da addu'ar tafiya, kunnenta ya ɗan toshe aka ba ta alewa ta tsotsa. Da aka daidaita a sama aka kawo ruwa, na zuba ido in gani, ta karɓa ta shanye kofin tas ta ce a ƙaro. Ni kaɗai na san abin da na ji a raina a lokacin. Wajen awa biyu muka sauka filin jirgin Diori Hamani, wanda aka sabunta a 2019, aka kawo keken guragu ba tare da na roƙa ba, ta ce a'a za ta taka da ƙafarta, kuma ta taka har bakin mota. Azahar a gidan ƙanwata muka yi ta, Hajiya ta ci tuwo ta yi barci, da la'asar tana tsakar gida tana wasa da jikoki, takalminta na shiga yana fita.

Don haka masu tambayata, ni dai in ni kaɗai ne kuma lafiyata ƙalau, kar zan ci gaba da shiga, ban da kuɗin jirgi kuma ban ga dalilin matsa wa kaina ba. Motar gida sai in biki ne ko rasuwa da za mu tafi mu da yawa, da direba biyu. Amma tsoho, ko mara lafiya, ko wanda aka yi wa aiki zai dawo gida, in dangi za su iya haɗa kuɗin to su haɗa, mai ciki kuma ta fara tambayar likitanta. Fatana hukuma da masu jirgin su dubi farashin nan su kuma ƙara ranaku, don Damagaram ba ƙaramin gari ba ne, nan ne ma babban birnin ƙasa kafin a mayar da shi Yamai a 1926, kuma masu zuwa neman magani kaɗai sun isa su cika kujeru in kuɗin ya sauko.

Likita ya ce mu koma bayan wata shida. Mun riga mun fara tara kuɗin a hannun babbar yayarmu duk ƙarshen wata, biye biyu za mu yanka, Hajiya da autarmu da za ta riƙe ta, ni kuma zan riga su tafiya a kar da kayan tsaraba in je in tarbe su a filin jirgi in sha Allahu.