Injin zarton zane: wanda zan sake saya, da wanda ya ƙona mini kuɗi

Tun ranar da na rataya wani "Masha Allah" na katako a shagon ƙanena da ke bakin babbar kasuwar Garwa, ban huta da tambaya ba. Wasu so suke in yanka musu sunan amarya, samari kuwa tambayarsu ɗaya ce: Malam, wane inji ne ke wannan aiki, kuma ina ake samunsa? Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya a WhatsApp, shi ya sa na zauna na rubuta. Ni dai malamin makaranta ne, katako abin sha'awa ne da nake taɓawa bayan la'asar da ranakun hutu, yau shekara shida ke nan.

A fara da sunansa, don tun daga nan ake ɓata. Da Faransanci scie à chantourner ake ce masa. In ka shiga shagon kayan aiki ka ce kana neman zarton da ke yanka lanƙwasa, galibi scie sauteuse za a miƙo maka, wanda ake riƙewa a hannu ana tura shi a kan katako. Wannan na kafintoci ne masu ƙofa da kabad. Namu zaune yake a kan tebur kamar keken ɗinki, aikinsa ma kusan irin na keken ne: wani siririn zarto, wanda muke kira tsinke, yana hawa yana sauka, kai kuma kana juya katakon da hannu biyu kana bin zane. Tsawon tsinken santimita 13 ne, wato kusan inci 5, kuma ana sa masa lamba gwargwadon kauri, daga 2/0 mai kama da gashi har zuwa 12.

Kafin ka tambayi ƙarfi ko farashi, tambayi irin tsinken da injin ke ci. Iri biyu ne. Akwai mai kunne, wanda ke da 'yar ƙusa a gicciye a kowane ƙarshe, rataya shi kawai ake yi. Akwai marar kunne, wanda ake matsewa da maƙali. Mai kunne ya fi sauƙin sawa, shi ya sa masu shago ke yabonsa. Amma ka tuna abin da mu muke yankawa a nan: Bismillah, sunayen yara da ajami, dagi, gidan agogon bango. Duk wanda ya taɓa rubutu a allo ya san mim na da ido, wawu na da ido, sad na da ciki. Ba za ka shiga idon mim daga gefen katako ba, sai ka huda rami, ka kwance kan tsinken, ka zura shi ta ramin, ka sake ɗaurewa. Tsinke mai kunne na bukatar rami na wajen milimita 5 kafin kunnen ya wuce, alhali idon mim ɗin kansa wani lokaci bai kai haka ba. Marar kunne mai lamba 3 ko 5 kuwa yana wucewa ta ramin milimita 1 zuwa 1.5. Injin da ba ya cin marar kunne, sai dai ka yi ta yanka wa yara raƙumi da giwa da shi.

Daga nan sai saurin kwancewa da ɗaurewa. Dagi guda ɗaya da na yi wa wata gwaggona yana da tagogi sama da arba'in. Sau arba'in ke nan na kwance, na zura, na ɗaure. In kowane ɗauri sai ka sunkuya ƙarƙashin inji kana laluben noti da makulli, wallahi kafin magariba ka tsani katako da mai katako.

To, ni Hegner nake so, ba na ɓoyewa. Ɗan Jamus ne, kuma wanda nake da shi tsoho ne, Multicut 1, na gwanjo. Sabonsa ya fi ƙarfin aljihun malamin makaranta, amma tsofaffinsa kan faɗo cikin kayan brocante, wato gwanjon kayan gida, da ke sauka a Duwala daga Turai. Tazarar da ke tsakanin tsinke da gindin hannunsa milimita 365 ce, babban wansa Multicut 2S kuma na da 460. Wannan tazara ita ke nuna girman katakon da za ka iya juyawa, kuma tawa ta ishe ni duk abin da ake ratayawa a falo.

Abin da ya sa na manne masa shi ne motonsa. Irin moton da ba shi da gawayi ne, wato babu waɗancan 'yan burushin da ke cinyewa ana canzawa, kuma nawa gudu ɗaya gare shi, babu allon lantarkin da ke rage gudu ko ƙarawa. Wani zai ce ai wannan naƙasu ne. A Jamus wataƙila. A Garwa, inda wutarmu ta dam ɗin Lagdo ke rawa da bazara, ta tafi ta dawo da fushi, allon nan shi ne abu na farko da ke mutuwa a inji, kuma in ya mutu babu mai irinsa daga nan har Marwa. Moto marar allo kuwa, ko ya ƙone, mai naɗin fankar unguwarku zai iya duba shi. Wajen wat 100 yake ci, don haka in an ɗauke wuta 'yar solar gida na jansa, muddin inbatar mai tsabtatacciyar wuta ce kuma tana da rarar ƙarfi don lokacin tashi.

Sannan ga natsuwa. In ka ɗaure shi da noti a kan benci mai nauyi, sai ka ajiye kofin shayi a gefe bai fantsale ba. In yana gudu ka dubi tsinken daga gaba, layi ɗaya za ka gani siriri, babu inuwa a gefe. Hidimarsa ɗigon mai ce a gaɓoɓin hannuwa lokaci zuwa lokaci, da share ƙura, wadda da hunturu ba ma rasa ta. Yana da ɗan zugazugi da ke hure garin katako daga kan layi, kuma har yau nawa na hurawa.

Aibinsa ɗaya da zan faɗa, maƙalan tsinkensa ƙananan guntayen ƙarfe ne masu cirewa. In tsinke ya tsinke, na ƙasan kan yi tsalle ya ɓuya. Na taɓa sa 'ya'yana uku rarrafe a zaure muna nemansa har aka kira isha'i. Saboda haka na gwanjo da yawa kan iso babu maƙalan, ko babu ɗan makullin da ake matse su. Kada ka karɓa a haka, ko da an ce maka maƙeri zai ƙera.

Sauran kuwa ga su a gurguje. DeWalt DW788 inji ne na kirki: tazararsa inci 20, gudu daga 400 zuwa 1750 a minti, hannunsa na sama na ɗagawa, ɗaurinsa ba ya bukatar makulli. Amma waɗanda ke zuwa daga Amurka na volt 120 ne, kuma zan dawo kan wannan. Proxxon DSH mai gudu biyu ba laifi in ka same shi da araha. Pégas, wanda kansa ke karkata maimakon farantin da ake ɗora katako a kai, na masu kuɗi ne, a bidiyo kawai muke gaisawa. Sai dangin inci 16, irin su Einhell da Scheppach da tarin masu kama da su da ke canza fenti da suna: ba su da nauyi, sai an ɗaure su da kyau, kuma da yawansu sai an ƙara musu wani maƙali kafin su ci marar kunne. Ga mai gwaji, sun isa. Shi kuwa zarton hannu mai kama da baka, kada a raina shi. Tsinke ɗaya suke ci da injin, ba ya jiran wuta, kuma wata uku da shi za su nuna maka ko da gaske kake son aikin nan ko zumuɗi ne.

Yanzu ga abin da ya sa na ce zan dawo kan maganar volt. Injina na farko a Facebook na gan shi. Wani mai kayan gwanjo ne a Duwala, ya turo mini bidiyo injin na gudu lafiya lau, filoginsa mai ƙafa biyu zagayayyu irin namu. Na tura kusan rabin albashina ta waya. Kaya ya bi jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, ya hau mota ya iso. Da na jona shi, ya yi wani irin kuka kamar an taka wa kare jela, ya yi gudun da bai taɓa yi ba a bidiyo, sai wari da hayaƙi. Duka bai kai ƙirga goma ba.

Na ɗauke shi a babur zuwa wurin wani dattijo mai gyaran moto. Ya juya shi, ya shafa inda aka kankare 'yar takardar bayani, ya dube ni.

"Malam, wa ya sayar maka da wannan?"

"Daga Duwala ne, Baba."

"Ɗan Amurka ne. Yanke masa kai aka yi aka sa namu. A bidiyon da ka gani akwai taransifoma a ƙarƙashin tebur, ba a nuna maka ba ne."

Na kira mutumin, ya ce wutar Arewa ce ba ta da kyau. Kira na biyu bai shiga ba har yau.

Wutarmu a Kamaru, haka ma Chadi, volt 220 ce mai bugun 50. Ta Amurka da Kanada 120 ce mai bugun 60. Kowane injin gaske na da 'yar takarda ko farantin ƙarfe a jikin motonsa da ke faɗin wannan. In ka ga 220, 230 ko 240 tare da 50 Hz, ka tsira. In ka ga 110, 115 ko 120, sai da taransifoma mai rage wuta, kuma ka sayi wadda ta ninka bukatar injin, misali mai wat 500. In kuwa an kankare wurin ko an shafe shi da fenti, juya ka tafi, ko da kyauta ne. Filogi ba shaida ba ne. Wanda ya zo ta Yola ko Mubi da filogi mai ƙafa uku irin na Ingila ba shi da matsala, domin wutar Najeriya da tamu dangi ne, kan kawai za ka canza. Mai haɗarin shi ne wanda aka riga aka canza maka.

Akwai kuma masu sitika. An gane cewa muna jin "Germany" sai jikinmu ya mutu, don haka ake manna ta a kan komai. Hegner launin ruwan lemo ne, to na ga injin da aka fesa wa ruwan lemo har kan wayarsa da notinansa. Kamfani ba ya fesa wa waya fenti. Ɗaga injin ka ji nauyinsa, leƙa ƙasansa inda mai fenti ke kasala, kama hannun sama ka girgiza shi hagu da dama. In yana kaɗawa, gaɓoɓinsa sun cinye, kuma tsinke zai yi ta karyewa kana zargin kanka.

Tsinken ma ba a bar shi ba. Na kirki su ne irin Pégas na Suwizalan, Niqua na Jamus da Olson na Amurka, ana sayar da su dozin-dozin ko ƙunshin 144. Abin da ake yawan miƙa wa baƙo shi ne tsinken maƙeran zinariya. Tsawonsu kusan ɗaya, yana shiga injin daram, amma haƙoransa ƙanana ne matsattsu don ƙarfe. A katako sai ya toshe, ya yi zafi, ya bar maka baƙin layi. Shafa shi da yatsa: na katako haƙoransa a warwatse suke, da tazara. In za ka yi oda, nemi mai 'yan haƙoran ƙasa da ke kallon sama, shi ke hana bayan filawud tsagewa. Wajen ɗaurawa kuma, yawancin haƙora ƙasa suke kallo, ka ja shi har in ka taɓa ya yi ƙara kamar tsirkiyar garaya. Rabin masu cewa an sayar musu da jabu, a juye suka ɗaura.

Katako kuwa, fara da filawud mai milimita 4 zuwa 6, wanda 'yan kasuwa ke kira contreplaqué, amma ka duba gefensa, don mai rami a ciki kan karye daidai kan siririn alif. Ayus na Kudu na da taushi da daɗin yanka, sapeli ya fi kyau in an shafa mai. Sai dai duk katakon da ya hau daga Kudu da danshinsa yake zuwa, ka bar shi ya sha iskar Garwa makonni kafin ka zana masa komai, in ba haka ba hunturu zai murɗe maka aikin a bango. Garin iroko da na MDF, wato allon da ake haɗawa da garin katako, na cutar da ƙirji, a rufe hanci.

In za ni duba inji yanzu, da guzurina nake tafiya: guntun filawud da na riga na huda wa ramin milimita 1.5, wani guntun katako mai kauri, da tsinke uku nawa na kaina. Ni nake jona shi a bango da hannuna, in bi wayar da ido tun daga soket har cikin inji. In zura tsinke ta ramin in ga minti nawa ya ci mini. In ɗan yanka mai kaurin, in kashe injin, in zagayo da katakon ta bayan tsinke, in ga ko tsinken zai shige tsagar ba gardama. In ya ƙi, farantin a karkace yake. Sai in bar shi yana gudu minti goma in taɓa moton. In mai kaya ya ce yau babu wuta, ko ya ce in tura rabin kuɗi tukuna, sai in yi masa fatan alheri in hau babur ɗina. Wanda ke Duwala kuwa, sai in ina da ɗan'uwa a can da zai je ya tsaya a kansa, ya karanta mini abin da ke jikin moton ta waya, harafi bayan harafi.