Gargaɗi ga kafintoci kan mai tallan injin goge katako na haɗin gida

Ina rubuta wannan gargaɗi ne ga iyayenmu a sana'a da 'yan'uwana kafintoci, musamman masu ƙananan shaguna da suka gaji da goge katako da hannu, game da wani mutum da ke tallata injin goge katako mai ganga a Facebook da rukunonin WhatsApp na masu sana'a, yana cewa shi yake haɗa shi da hannunsa. Na yarda da shi, na tura masa rabin kuɗin a asusun banki, na cika sauran ranar da ya ce kayan sun hau mota, kuma abin da na ɗauko a tasha bai yi kama da wanda ya nuna mini a bidiyo ba.

Injin kansa ba ƙarya ba ne, kuma ana iya haɗa shi a gida. Ganga ce doguwa da aka naɗe da sanfefa, tana juyawa a kan shaf, wato sandan ƙarfe, tsakanin boris biyu, a ƙarƙashinta kuma akwai tebur da ake ɗagawa kaɗan-kaɗan, ta yadda duk allon da ya ratsa zai fito da kauri ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Amfaninsa gaba ɗaya ya rataya ne a kan abu biyu: gangar ta zama zagayayya sosai ba ta rawa, kuma ta yi daidai da teburin a duk tsawonta. Masu haɗa shi da gaskiya sukan yanko faifai na filawud ko MDF, wato allon garin katako da aka matse, su jera a kan shaf, sannan su kunna injin su goge gangar da allo miƙaƙƙe da aka manna wa sanfefa, a kan teburin injin kansa, har sai ta daidaita. Wannan aiki ba a ganinsa a bidiyo, kuma a nan ne mayaudarin ya ɓoye ha'incinsa.

Gangar da ya aiko mini bututun roba ne na ruwa, an toshe bakinsa biyu da katako, an zura ƙarfen da ko miƙewa bai yi ba. Da na zana layuka da fensir a kan allon maɗaci na tura shi, sai layukan gefe ɗaya suka goge, na ɗaya gefen suka rage yadda suke, saman allon kuma ya fito da tudu da kwari kamar an bi shi da gizago. Boris ɗin tsofaffi ne da aka wanke aka cika da giris, ba su yi awa ɗaya ba suka fara kuka da zafi. Motar lantarkin tana ɗauke da farantin da ya ce ƙarfin doki 2, amma da na kai ta wurin mai naɗin koyil ya buɗe, ya nuna mini cewa ƙaramar mota ce da ta taɓa ƙonewa, aka sake naɗa ta, aka ɗaura mata farantin wata. Da allo ya taɓa gangar sai ta shaƙe ta tsaya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne haɗarin. Gangar tana juyawa ne tana tunkuɗo katakon baya wajen mai turawa, don haka idan ta ci da yawa lokaci ɗaya takan harbo allon da ƙarfi. Nasa injin ba shi da murfi a kan ganga, ba shi da mafitar ƙura, bel ɗinsa kuma a buɗe yake, alhali yara masu koyon aiki ne suka fi tsayawa a irin wannan wuri. Ya kuma gaya mini cewa injin zai maye gurbin filena mai fere saman katako, wanda ba gaskiya ba ne, domin ko na kamfani ɗan abin da bai kai milimita ɗaya ba yake ci a kowane zagaye.

Da na kira shi sai ya ɗora laifin a kan direba, daga baya ya rufe lambata. Sai a lokacin na lura cewa sunan da ke kan asusun dabam yake da wanda yake amfani da shi, kuma a bidiyon babu inda fuskarsa ko shagonsa suka fito.

Duk wanda zai sayi irin wannan inji, kada ya biya ko kwabo sai ya je da ƙafarsa, da allonsa mai faɗi, da fensir da abin auna kauri, a goge a gabansa ya auna gefe biyu. Ya bar injin ya yi aiki na ɗan lokaci ya taɓa gidan boris, ya kuma tafi da mai gyaran motar lantarki ya duba. Idan mai sayarwa ya ce yana da rajista, ana iya bincika sunan a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya sanar da bankinsa nan take, ya adana rasit da saƙonni, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, domin karɓar kuɗi da yaudara laifi ne a ƙarƙashin dokar zamba ta 2006. Ni ma na shigar da tawa ƙarar, na kuma ajiye injin a shago yadda ya zo, ban cire masa ko ƙusa ɗaya ba in ban da motar lantarkin, domin ya zama shaida.