Kafin Ka Kashe Kuɗi a Kan Darasin Buɗe Wasan Ces na Mai Baƙi

Duk wanda ya ɗan daɗe yana buga ces a Sakkwato, ko a ɗakunan kwanan ɗalibai na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko a wayarsa bayan sallar isha'i, akwai ranar da zai gaji da zaman kare kai a duk lokacin da baƙaƙen 'ya'ya suka faɗo masa. Mai fari ne ke fara taku, kuma idan mai baƙi ya tsaya bin sawunsa kawai, sai ya ƙare wasan a takure. Daga nan ne mutum ke fara neman tsarin buɗe wasa mai zafi, wanda zai ba shi damar kai hari tun da wuri. Masu sayar da darussa sun san da wannan ƙishirwa, shi ya sa intanet ta cika da littattafai da bidiyoyi masu alkawarin nasara cikin gaggawa, kuma kusan dukkansu da dala ake biya. Abu biyu ne mai saye zai tantance, wato tsarin da zai koya da kuma hanyar da zai koye shi, kuma na farkon ya fi tsada, domin da watanni ake biyansa ba da naira ba.

Idan mai fari ya buɗe da 1.e4, wato takun farko ya tura soja zuwa gidan e4, amsar da ta fi shahara wajen masu son faɗa ita ce 1...c5, wato tsarin Sisiliya. Dalilin zafinsa shi ne, bayan mai fari ya tura d4 an yi musayar sojoji, mai baƙi yakan ba da sojan gefe ya karɓi na tsakiya, layin c ya buɗe wa ruk ɗinsa, ɓangarorin biyu kuma su daina kama da juna, kowa ya nufi inda ya fi ƙarfi. Sai dai Sisiliya gida ne mai ɗakuna da yawa, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne.

Reshen da ya fi kowanne suna shi ne Najdorf, wanda ke zuwa bayan 2.Nf3 d6 3.d4 cxd4 4.Nxd4 Nf6 5.Nc3 a6 (a wannan rubutu N doki ne, B bishof, Q sarauniya, x kuma alamar ci). An sa masa sunan Miguel Najdorf, ɗan asalin Poland da yaƙin duniya ya ritsa da shi a Ajantina a 1939 ya zauna can, kuma wannan reshe ne makamin Bobby Fischer da Garry Kasparov. Ba a jayayya a kan ingancinsa. Matsalarsa ita ce, a taku na 6 kaɗai mai fari yana da zaɓi masu ƙarfi da suka haɗa da Be3 da Bg5 da Bc4 da Be2 da h3, kuma kowanne yana buƙatar amsa ta daban wadda sau da yawa hadda ce ke fitar da ita ba tunani a kan allo ba. Fischer kansa, da duk sanin da ya yi wa wannan reshe, ya sha kashi a hannun Boris Spassky a wasa na 11 na gasar duniya ta 1972 a Reykjavik, bayan sarauniyarsa ta je cin sojan b2 ta kasa dawowa. Najdorf kamar doki yake, sayensa ba shi ne wahala ba, ciyar da shi kullum ne wahalar. Ɗalibin da ke da jarrabawa a gabansa, ko ma'aikacin da bai da fiye da sa'a guda da dare, ban ga dalilin da zai fara da shi ba.

Wanda na fi ba shawara a kansa shi ne Dragon, inda mai baƙi ke taka 5...g6 maimakon a6, ya ajiye bishof a g7 yana kallon dogon layin da ya ratsa allo har a1. Kyawunsa ga mai koyo shi ne dabarunsa suna maimaita kansu. Mai fari da ya san abin da yake yi zai taka Be3 da f3 da Qd2, ya kai sarkinsa lungun ɓangaren sarauniya, sannan ya turo sojan h don ya fasa gidan sarkin mai baƙi. Shi kuma mai baƙi zai kai ruk c8, ya kai doki e5 sannan c4, kuma a lokacin da ya dace ya jefa ruk ɗin a kan dokin c3. A lissafi wannan asara ce, domin ruk maki 5 ne doki kuwa 3, amma da zarar dokin c3 ya tashi, sojojin da ke gadin sarkin mai fari sun wargaje, sojan e4 ya rasa mai tsaronsa, bishof ɗin g7 kuma ya sami fili. Wanda ya fahimci wannan sadaukarwa guda ɗaya ya fahimci rabin Dragon. Kasparov ya ɗauko shi ba zato a gasarsa da Viswanathan Anand a New York a 1995, ya ci wasa na 11 da na 13 da shi.

Dole ne kuma a faɗi haɗarinsa tun kafin a biya. Tsere ne, kuma taku ɗaya da aka ɓata ya isa a kashe sarkin mai baƙi a layin h, kamar yadda Anatoly Karpov ya yi wa Viktor Korchnoi a wasa na 2 na karawarsu ta 1974 a Mosko. Akwai kuma ƙananan ramuka tun a farko. Misali, bayan 6.Be3 sabon ɗan wasa yakan ga kamar 6...Ng4 zai kori bishof, alhali 7.Bb5+ ne zai biyo baya, idan mai baƙi ya tare da Bd7 sarauniyar mai fari ta cinye dokin g4 a banza, tunda bishof ɗin da ke tsaronsa ya maƙale a gaban sarki. Darasin da bai nuna irin wannan a shafukansa na farko ba, ba don mai koyo aka rubuta shi ba.

Wanda ke son bishof ɗin g7 amma yana tsoron wannan tsere, zai iya ɗaukar ƙaninsa da ake kira Accelerated Dragon, inda ake taka 2...Nc6 sannan 4...g6 ba tare da d6 ba, don a tura sojan d zuwa d5 a taku ɗaya. Haddarsa ba ta da yawa, amma idan mai fari ya amsa da 5.c4, tsarin da ke ɗauke da sunan Géza Maróczy, wasan yakan huce, mai baƙi ya koma haƙuri. Sveshnikov kuwa, wani reshen Sisiliya wanda Magnus Carlsen ya dogara da shi a gasarsa da Fabiano Caruana a Landan a 2018, yana da inganci ƙwarai, sai dai yana barin rami a d5 tun taku na 5, kuma sai wanda ya ƙware ne ke jin daɗin zama da irin wannan rauni.

Idan mai fari ya buɗe da 1.d4, abokin tafiyar Dragon shi ne King's Indian, wato 1...Nf6 2.c4 g6 3.Nc3 Bg7 4.e4 d6. Bishof ɗin yana wuri ɗaya, sarki yana lungu ɗaya, don haka rabin abin da aka koya a can yana aiki a nan, kuma wannan ragi ne babba ga mai ƙarancin lokaci. A babban reshensa, bayan mai fari ya rufe tsakiya da d5, mai baƙi yakan janye dokin f6 ya tura f5 da f4 da g5 da g4, sojoji su yi ta gangarowa kan sarkin mai fari, shi kuma mai fari yana can yana cin ɓangaren sarauniya. Da wannan dabara Svetozar Gligorić ya doke Najdorf a Mar del Plata a 1953, har reshen ya ɗauki sunan garin. Abin lura ga mai amfani da injin nazari shi ne, Stockfish yakan nuna mai fari ne a gaba a irin waɗannan wurare, kuma wannan yana karya gwiwar masu koyo da yawa. Inji yana kare kansa ba tare da kuskure ba, amma mutumin da ke zaune a gabanka agogo na cin lokacinsa ba haka yake ba.

Ɗaya zaɓin shi ne Benko, 1.d4 Nf6 2.c4 c5 3.d5 b5, mai sunan Pal Benko ɗan Hangari da ya koma Amurka. A nan mai baƙi yana ba da soja ɗaya don layukan a da b su buɗe wa ruk biyu, kuma matsin ba ya ƙarewa ko da an yi musayar sarauniyoyi. Ya fi King's Indian sauƙin koyo nesa ba kusa ba, amma harinsa a ɓangaren sarauniya yake, ba a kan sarki ba, kuma idan mai fari bai taka c4 da d5 ba, babu Benko.

Abin da nake roƙon mai karatu ya guje wa shi ne tsare-tsaren tarko da suka cika bidiyoyi, irin su Stafford da Englund. Suna cin wasa cikin taku goma idan abokin karawa bai san su ba, amma a Stafford, da zarar mai fari ya natsu ya taka d3 da Be2 da c3, mai baƙi ya rasa soja ba tare da ya sami komai ba. A gari irin namu inda masu buga wasan ba su da yawa kuma fuskoki ɗaya ake haɗuwa da su, tarko sau ɗaya yake kamu.

Game da hanyar koyo, shawarata ita ce kada a biya ko kwabo a watannin farko. Lichess, shafin ces na intanet wanda Thibault Duplessis ɗan Faransa ya kafa a 2010, kyauta ne gaba ɗayansa, yana da rumbun wasannin manyan 'yan wasa da na talakawan 'yan wasa, yana da injin nazari, kuma ba ya cin data kamar bidiyo. Mutum zai iya tara rassan da yake koyo a can, ya sauke su a fayil ɗin PGN mai adana takun wasa, ya buɗe a manhaja irin DroidFish wadda ke aiki ba tare da intanet ba, abin da ke da amfani ranar da sabis ya yi rauni ko data ta ƙare. Chessable, shafin sayar da darussan ces, yana da kyau wajen hadda, domin yana dawo maka da takun da ka manta har sai ya zauna, amma manyan darussansa masu bidiyo sukan haura dala 100, sannan da yawansu an tsara su ne don masu shiga manyan gasa, da ɗaruruwan rassa da ba za ka taɓa gani a allo ba. Littafin takarda ba ya buƙatar caji a zafin watan Afrilu lokacin da wuta ke wuya, kuma mutum uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su saya su riƙa karɓa-karɓa, sai dai samunsa yana nufin aike daga Legas ko Abuja ko ƙasar waje. A zaɓi wanda ke bayyana cikakkun wasanni da kalmomi, a bar wanda shafukansa haruffa da lambobi ne zalla. Tsufan littafi da shekara goma ba aibi ba ne ga mai koyo, tunda sadaukarwar c3 ba ta canja ba.

Ko littafi ne ko bidiyo ko malami mai koyarwa ta waya, akwai tambaya ɗaya da za a yi kafin a biya, ita ce me ya tanada idan mai fari ya ƙi shiga babban reshe. A matakin da yawancinmu muke, abokan karawa da yawa ba sa taka 3.d4 ko kaɗan. Za ka haɗu da 2.c3 na Alapin, da 2.Bc4, da harin f4 na Grand Prix, da Bb5 a taku na 3, da sadaukarwar Smith-Morra, a ɓangaren 1.d4 kuma za ka haɗu da tsarin Landan mai Bf4 fiye da yadda za ka ga Mar del Plata. Caruana ma ya fara gwada Carlsen da 3.Bb5 har sau uku a 2018 kafin ya yarda ya shiga Sveshnikov. A buɗe jerin babobin darasin, wanda masu sayarwa kan nuna kyauta, a duba ko waɗannan suna ciki da cikakken bayani ko kuwa an tura su shafi biyu na ƙarshe. Idan malami ne, a nemi ya duba wasanninka na baya kafin ya faɗi tsarin da zai koya maka, kuma a fara da biyan darasi ɗaya ko biyu kafin a yi maganar kuɗin wata.