Sashen sa barci na wani asibitin kuɗi a Kano: yadda suka yi da Hajiyarmu mai ciwon suga

In kana da mai ciwon suga da za a shiga da shi tiyata, kafin ka tambayi wa zai riƙe wuƙa, tambayi wa zai sa shi barci. A wannan asibitin, wanda ba zan kama sunansa ba, nan ne na ga kuɗinmu bai tafi a banza ba.

Duwatsu aka gano wa Hajiyarmu a matsarmama. Likitan tiyata ya sa rana, mun biya, sai aka ce mu fara ganin likitar sa barci. Ita ce ta birkita lissafin. Gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda suga ya kasance a jini cikin kusan wata 3, ya haura kashi 9 cikin 100. Ta ce aikin da ba na gaggawa ba an fi so a jinkirta shi in ya wuce 8.5. Yaya Babba ya murtuke fuska: "Likita, mun fa biya." Ta ce, "Alhaji, kuɗinku na nan. Jijiyoyin Mama ne ba su shirya ba."

Ta juya bayan katin Hajiya ta zana bututu. Cikin kowace jijiyar jini, in ji ta, akwai shimfiɗar ƙwayoyin halitta siririya ƙwarai, wadda ke fitar da sinadarin nitric oxide mai sa jijiya ta saki, jini ya wuce. Suga in ya daɗe a sama yakan rage wannan sinadari, shimfiɗar ta kumbura, jijiya ta zama kamar tsohon tiyo da rana ta gasa. Ga shi kuma propofol, farar allurar nan mai kama da madara da ake fara sa barci da ita, tana buɗe jijiyoyi, awon jini, wato BP, ya sauka. Mai lafiya jikinsa kan gyara nan take. Wanda suga ya taɓa masa jijiyoyin da ke kula da bugun zuciya kuwa, awonsa na iya faɗuwa warwas.

Abin da ya fi burge ni, ba ta cika baki ba. Na tambaye ta ko akwai maganin da ya fi wa masu suga. Ta ce a ɗakin gwaji an ga propofol na rage ɓarnar da suga ke yi wa waɗannan ƙwayoyi, an kuma ga a jikin karnuka cewa kariyar da isoflurane, wata iskar sa barci, ke ba zuciya tana raguwa in suga ya yi yawa. "Amma Mama ba kwalbar gwaji ba ce. Abin da ke hannuna shi ne in riƙe sugarta tsakanin 6 da 10 a na'urar awon suga."

Da sabuwar ranar aikin ta zo, Hajiya aka fara shiga da ita da sassafe don kada yunwa ta galabaitar da ita. Abinci an tsayar awa 6 kafin aiki, ruwa zalla awa 2, an hana ta shan glibenclamide, ƙwayar maganin sugarta, na safiyar. Allurar ta ɗan yi mata zafi a bayan hannu, dama an gaya mata.

Inda suka gaza shi ne ɗakin kwanciya. Da dare tsinken awon suga ya ƙare musu, nas ta ce mu sayo a waje. Asibitin da ke karɓar irin wannan kuɗin! Ƙanina ya yi ta zagaye a Adaidaita kafin ya samu kemis a buɗe. Sannan duk bayanin nan mai kyau da baki aka yi shi, babu takardar da mutum zai tafi da ita gida, balle da Hausa.

Zan tura ɗan'uwana can, amma da na'urar awon sugarsa da tsinkenta a jaka. Kuma ya nemi ganin likitar sa barci kafin ya je wajen biyan kuɗi.